Kalangu da Filashi a Fage Ɗaya: Wa Ke Jan Kiɗan?

A garuruwan yammacin Katsina, daga Batsari zuwa Ruma, daga Safana zuwa Runka, duk wanda zai aurar da 'ya a yau yana da hanya uku idan maganar kiɗa ta taso. Ko dai ya kira makaɗa da kalangunsu da 'yan amshinsu kamar yadda aka gada, ko ya ɗauko DJ da manyan sifiku da janareto, ko kuma ya haɗa su: a saki kiɗan da aka riga aka shirya a situdiyo, mawaƙi ya hau kansa da makirfo, a ajiye mai kalangu ɗaya ko biyu a gefe suna bi. Hanya ta ukun ce ba a cika zama a yi nazarinta ba, alhali a cikinta ne ake yanke hukuncin ko makaɗin Hausa zai ci gaba da cin abinci da hannunsa. Ina ganin haɗin zai iya yin kyau ƙwarai. Amma yadda ake yinsa a mafi yawan wurare, makaɗi ake cuta, kuma mai sauraro ma ana rage masa wani abu da bai san an rage ba.

Abin da ake saki daga filashi ko waya ko kwamfuta kiɗa ne da aka jera shi daki-daki. Mai haɗa kiɗa yana zaune gaban fiyano ko manhaja irin su FL Studio da Cubase, ya zaɓi gudun da yake so, a ce bugu 120 a minti ɗaya, wato kowane bugu rabin sakan. Sai ya ɗora ganga, ya ɗora kacau-kacau, ya ɗora sarewa da garaya na na'ura, wani lokaci har da muryoyin amshi. Daga nan an gama. Ko an kunna shi sau dubu, tsawonsa ɗaya, gudunsa ɗaya, inda amshi zai shigo ɗaya.

Wannan salo ya shigo mana ne ta ƙofar fim. Bayan fim ɗin Turmin Danya na 1990, masana'antar finafinan Kano ta buƙaci kiɗa mai sauƙin kuɗi da saurin samuwa, sai fiyanon Yamaha ya biya mata buƙata. Zuwa lokacin da fim ɗin Sangaya ya fito ya karaɗe Arewa, kunnen matasa ya riga ya saba da kalangu da sarewar da ke fitowa daga cikin akwatin roba. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya yi rubutu mai yawa a kan wannan sauyi. Daga fim abin ya tsallaka waƙar biki, ya tsallaka begen Annabi, ya tsallaka siyasa. Dauda Kahutu Rarara, ɗan ƙaramar hukumar Ɗanja a jihar Katsina, da kiɗan situdiyo ya mamaye yaƙin zaɓen 2015. Yaron da aka haifa a Zakka ko Wagini bayan shekarar 2000 ya fi jin kalangun na'ura a kunnensa fiye da na fata, ko da kuwa a bayan gidansu mahauta suke.

Sai dai a Batsari da Safana akwai dalilin da ya wuce son zamani. Ƙananan hukumomin biyu suna jingine da dajin Rugu, kuma shekara da shekaru ke nan mutanensu suna kwana da ido ɗaya. A watan Fabrairun 2020 aka kashe mutane kusan 30 a ƙauyukan Tsauwa da Dankar na Batsari. A Satumban 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta sa aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da waɗannan biyun, aka kuma taƙaita zirga-zirgar babura da cinikin dabbobi. Kiɗan Hausa kuwa abokin dare ne. Dandalin 'yan mata bayan isha, wasan biki har asuba, makaɗa su taso daga wani gari su kwana a hanya: duk waɗannan suna buƙatar kwanciyar hankali. Inda ake son a ɗaura aure da hantsi, a kai amarya kafin la'asar ta yi sanyi, ba wanda zai jira ƙungiyar mutum goma ta taso daga nesa. Ga kuma tsadar mai tun bayan cire tallafi a Mayun 2023. Mutum ɗaya da filashi a aljihu ya fi sauƙin ɗauka a babur. Don haka ba na ganin laifin mai biki. Mai kalangun da ya yarda ya tsaya gefen sifika ma ba na ganin laifinsa, domin wani lokaci wannan tsayuwar ce kaɗai gayyatar da zai samu a wata.

Kafin a san abin da ke faruwa da shi a wannan tsayuwa, sai an tuna aikin da makaɗi ke yi tun asali. Riƙe lokaci kaɗan ne daga cikin aikinsa. Babban aikinsa kallo ne. A gayya, mai gangar noma yana bin bayan manoma yana duban wanda ya fara sanyi, sai ya buga masa takensa, ya ɗaga gudu idan kuyya ta kusa fita, ya sassauta idan rana ta take. A fagen dambe, irin wanda Ɗan Anace ya yi wa Shago waƙa a cikinsa, kalangu ne ke kiran ɗan dambe ya fito, kuma kiɗan yana canzawa daidai da abin da ke faruwa tsakanin mutum biyun. A gidan biki, da zarar wani mai daraja ya sako ƙafa, makaɗi ya gan shi kafin kowa, ya juya kiɗa zuwa takensa ko na gidansu, maroƙi ya ɗauka da kirari. Kalangu na iya wannan ne saboda Hausa harshe ne mai karin sauti. Idan makaɗi ya matse tsarkiya a hammata sauti ya hau, idan ya saki ya sauka, sai ga magana ta fito wadda duk ɗan gari ya san ma'anarta.

Mamman Shata, wanda aka haifa a Musawa a 1923 ya rasu a 1999, shi ne babban misalin wannan tsari. An san shi da ƙirƙirar waƙa nan take. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, hakan ba zai yiwu ba sai da makaɗan da ke karanta numfashinsa. Idan ya ja baiti ya yi tsawo, su jira shi. Idan ya yanke, su rufe. Idan ya ga abin da ya ba shi sha'awa a cikin taro ya karkata can, su karkata tare da shi ba tare da an ce musu komai ba. Haka kotson Musa Ɗanƙwairo, haka taushin Sarkin Taushin Katsina, haka ƙwaryar Barmani Coge. A dukansu lokaci yana hannun mutanen da ke cikin fage.

Da an danna filashi, lokaci ya bar fage ya koma situdiyon da aka yi kiɗan, wataƙila a Kano ko Katsina, wataƙila wata shida da suka wuce. Matan da suka taɓa lugude a turmi ɗaya sun san cewa kowace tana sauraron taɓaryar 'yar'uwarta, idan ɗaya ta ɗan yi nawa sai ɗayar ta jira ta. Kiɗa da na'ura lugude ne da wadda ba ta ji, ba ta gani, ba ta kuma gajiya: duk kiyayewar ta koma wuyan mutum ɗaya. Ɗan'adam idan jini ya hau yakan ƙara gudu ba tare da ya sani ba, musamman idan an fara liƙi ko guɗa ta tashi. A kiɗan gargajiya wannan ƙarin gudun daɗi ne, kowa ya bi. A kan na'ura kuskure ne, domin bayan ɗan lokaci sai a ji kalangu ya wuce gaba, gangar na'ura tana baya, bugu biyun suna karo kamar ana tuntuɓe. Makaɗin da ya shekara talatin ana yabon hannunsa sai ya tsinci kansa yana jin kunya a gaban yara.

Akwai matsala ta biyu da ta fi wannan ɓoyuwa. Yawancin kiɗan da ke zuwa a shirye cikin fiyano an gina shi ne a kan ƙirgen huɗu-huɗu, irin na kiɗan Turai da Amurka. Kiɗan kalangu da yawa kuwa a kan uku yake tafiya, ko ya haɗa uku da biyu a lokaci guda, babban kalangu yana wata tafiya, ɗan ƙarami yana wata, su haɗu su rabu. Sannan manhajar kwamfuta tana da ɗabi'ar ja kowane bugu ta ajiye shi daidai kan layi. Makaɗin ƙwarai ba ya sauka kan layi cif. Yakan ɗan jinkirta wani bugu, ya ɗan gaggauta wani, kuma a cikin wannan ɗan bambancin da bai kai ƙiftawar ido ba ne rawa take. Idan mai haɗa kiɗa ya cika kowane gurbi da gangar na'ura, mai kalangu ba shi da inda zai sa hannu. Ko ya kwaikwayi na'urar, wanda ba amfaninsa, ko ya yi nasa a ji hayaniya.

Ga kuma batun murya. Fata tana da rai ko bayan an jeme ta. Da hunturu takan bushe ta ɗaure, sauti ya hau. Da damina takan sha raɓa ta saki, shi ya sa ake shanya ganga a rana ko a kara ta kusa da wuta kafin wasa. Kiɗan da ke cikin filashi bai san ana damina ba. A kalangu abin da sauƙi, tunda hammata na gyarawa, amma ganga sai an yi da gaske. Gyaran ba wuya gare shi idan akwai fiyano a wurin, domin kowane fiyano yana da maɓallin ɗaga murya ko sauke ta. Sai dai a ce ba a tambayi makaɗin ba.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne yadda ake tsayar da makaɗi inda ba ya jin abin da aka ce ya bi. Sifikun biki ana juya su ne wajen jama'a. Mai kalangu yana bayansu ko a gefe, ga ƙarar janareto, ga nasa kalangun a ƙarƙashin kunnensa. Abin da ke iso masa sau da yawa amon da ya bugi katangar gidan da ke fuskantarsa ne ya dawo. Sauti yana tafiyar mita 343 a sakan ɗaya. Idan katangar tana nesa da mita 15, zuwa da dawowa mita 30 ke nan, kusan kashi ɗaya cikin goma na sakan. A takarda ba komai ba ne. A kiɗa mai sauri ya isa ya sa duk bugun mutum ya makara, jama'a su ce ya tsufa, alhali kunnensa aka hana aiki.

Makaɗan ganga na ƙasashen waje sun daɗe da sanin wannan ciwo. A farkon shekarun 1970 ƙungiyar The Who ta Ingila ta fara wasa a gaban jama'a tare da kiɗan da aka naɗa a kaset, kuma mai gangarsu Keith Moon, wanda aka sani da kiɗa kamar guguwa, sai da ya riƙa ɗaure abin saurare a kansa da salatif don kada ya ɓace. A Nuwamban 1973 a birnin Newcastle kaset ɗin ya shigo ba a kan lokaci ba, wasan ya watse a gaban dubban mutane. Don guje wa irin wannan wahala, ga tsarin da ake bi yanzu a ko'ina: ana ba mai ganga wani ɗan ƙyas-ƙyas a kunne, wanda jama'a ba sa ji, yana ƙirga masa lokaci, har da ƙirge kafin kiɗa ya fara da ishara kafin amshi ya shigo.

Mutane suna zaton wannan sai mai kuɗi. Ba haka ba ne. Kusan kowane kiɗa da ke cikin waya yana da hannu biyu, dama da hagu. Mai situdiyo zai iya tara kiɗan duka a hannun dama, ya sa ƙyas-ƙyas ɗin a hagu. Da 'yar igiyar da ke raba biyu, sai dama ta tafi mikisa zuwa sifiku, hagu ta tafi kunnen makaɗi. Abin da ake buƙata igiya ce mai kyau, da ƙaramar mikisa ko ɗan akwatin ƙara sautin iyafis, da iyafis mai waya. Na ce mai waya da gangan. Na blutut yana jinkirta sauti, sau da yawa fiye da jinkirin katangar nan da muka ambata, don haka ya fi rashinsa muni. Wanda kuma ba ya son abu a kunne, kuma dattawa da yawa ba sa so, a ajiye masa ƙaramar sifika a gabansa tana kallonsa, bai wuce taku biyu ba. Ni a ganina mai kalangu ma ba ƙyas-ƙyas yake buƙata ba. Kunnensa ya saba da bin ɗan ƙaramin kalangu ko kuntukuru da ke riƙe masa gindin kiɗa. A naɗa masa wannan a hannun hagu maimakon ƙarar agogo, zai zauna a kai kamar a gida.

A nan sai an yi hattara da lafiya. Masana lafiyar kunne sun ce ƙarar da ta kai desibel 85 ba a so mutum ya wuce awa 8 a cikinta, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba wannan lokaci biyu. Gaban sifikar biki ya zarce haka nesa ba kusa ba. Makaɗin da ya sa iyafis a kunne ɗaya ya bar ɗayan a buɗe yakan ƙure ƙarar don ya rinjayi hayaniya, kuma kunnen da ya mutu ba ya dawowa. Irin iyafis mai toshe kunne sosai ya fi, domin da shi ƙaramar ƙara ta isa.

Makirfo ma wani babi ne. Kalangu fuska biyu gare shi, kuma mai shi ba ya tsayawa wuri ɗaya. Aikinsa ne ya taka ya je gaban wanda yake yi wa take. Idan aka kafa masa makirfo a sanda an ɗaure shi ke nan. Idan aka bar shi ba makirfo, sifiku sun haɗiye shi. Abin da ya dace ƙaramin makirfo ne mai matsewa a bakin kalangu kusa da fuskar da ake bugu, da ɗan akwatin aikawa na rediyo a ƙugu, wanda jinkirinsa bai kai a ji ba. Mai mikisa kuma ya rage ƙarar gangar na'ura a daidai muryar da kalangu ke magana. Yawancin masu mikisa a bukukuwanmu sun koyi aiki ne da murya da filashi kawai, ba wanda ya taɓa nuna musu yadda ake ɗaukar fata.

Duk wannan gyaran kayan aiki ne. Yana sa makaɗi ya bi na'ura ba tare da ya faɗi ba, amma bai mayar masa da idonsa ba. Tambayar da ta fi nauyi ita ce wa ke riƙe da maɓalli. Akwai bambanci babba tsakanin kiɗan da aka rufe a filashi da kiɗan da mai fiyano ke saki yana tsaye a fage. Fiyanon Yamaha irin na PSR da ke ko'ina a Arewa yana da maɓallin da ake bugawa da yatsa ya ɗauki gudun da aka ba shi, yana da na sauya sashe, da na tsayawa cak, da na komawa. Idan mai fiyano ya sa ido a kan mai kalangu, to kalangu ne zai fara, fiyano ya ɗauki gudunsa. Idan baƙo ya shigo, a yanke komai a bar kalangu ya yi magana shi kaɗai, ya gama a dawo. Ko da kwamfuta ce, manhaja irin Ableton Live an yi ta ne don a yanka kiɗa gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa ta yi ta juyawa har sai an ce ta wuce. Wato mawaƙi zai iya tsawaita baiti don wadda ta fito liƙi, ba sai ya haɗiye sunanta saboda amshin na'ura ya taso ba.

An gwada wannan a manyan wurare ya yi. Tony Allen, mai gangar Fela Kuti, wanda ya rasu a Faris a 2020, ya yi aiki da Jeff Mills na Detroit a Amurka, suka fitar da faifai a 2018. Mills yana sarrafa na'urar ganga ta Roland da yatsunsa nan take, yana saurare yana amsawa, maimakon ya kunna ta ya koma gefe. Kusa da gida kuma, Mdou Moctar na Nijar a Sakkwato ya naɗi faifansa na farko, Anar, a 2008, da gangar na'ura da gyaran murya irin na waƙoƙin finafinan Hausa. Da ya fita duniya yana wasa a gaban jama'a, da mai ganga na jini da tsoka ya fita, kuma wannan ƙarin gudun da ke hawa a hankali har taro ya rikice yana cikin abin da ake zuwa kallo. Ƙungiyar Tal National ta Yamai tana haɗa jita da gangunan Turawa da kalangu a dandali ɗaya. Ba wanda ya ce musu kalangu ya tsufa.

Akwai masu cewa a raba gari kawai, kalangu ya tsaya a gargajiyarsa, fiyano ya yi nasa. Na fahimci kishin, amma ban yarda ba, saboda dalili biyu. Na farko, fagen da kalangu zai tsaya shi kaɗai yana ƙanƙancewa, a yankin nan ma fiye da ko'ina, kuma kayan kiɗan da ba a jin su a biki ba su daɗewa. Na biyu, na'ura ta yi alherin da bai kamata a rufe ido a kansa ba. A da kiɗa gado ne, kuma sana'a ce da ake jin daɗinta ana raina mai ita. Ɗan malami ko ɗan sarauta ba ya ɗaukar kalangu. Fiyano ya buɗe ƙofa ga yaran da ba 'ya'yan makaɗa ba, ya ba mata mawaƙa damar yin waƙa ba tare da yawo da ayarin maza ba. Kuma makaɗin da ya saba da na'ura hannunsa yakan ƙara daidaito, ya san lokacin da yake gudu da lokacin da yake nawa, sai ya zama yana yinsu da niyya. Wanda ya iya wannan ya iya aikin situdiyo, inda kuɗi yake yanzu.

Abin da ba zan karɓa ba shi ne makaɗin ado. Ana ganinsa a tarukan siyasa da manyan bukukuwa: an sa masa riga mai kyau, yana buga kalangu da ƙarfinsa, amma makirfonsa a kashe yake ko babu shi sam, abin da jama'a ke ji daga filashi yake fitowa. Wani lokaci har muryar mawaƙin ma a naɗe take, baki kawai yake motsawa. Wannan yaudarar mai biki ce, wanda ya biya kuɗin wasa aka ba shi hoto. A Amurka an karɓe lambar Grammy daga hannun Milli Vanilli a 1990 da aka gano ba su ne suka rera waƙoƙinsu ba. Mu a nan abin ya zama ruwan dare har ba a ɗauke shi laifi. Ga makaɗi kuwa ya fi rashin gayyata ciwo, domin an nuna masa a gaban jama'a cewa surarsa ake so ba hannunsa ba. Ranar da janareto ya ɗauke ana tsakiyar rawa ne kaɗai ake tuna amfaninsa, lokacin da sifiku suka yi tsit shi kuma ya riƙe fage har a zuba mai.

Sai maganar kuɗi, wadda kunya ke hana makaɗa tayarwa. A tsarin da, abin da aka samu na ƙungiya ne, shugaba ya raba bisa matsayi, kuma kowa ya san rabonsa ko da bai yi yawa ba. A sabon tsari mawaƙi ya riga ya biya situdiyo, don haka yana ganin kiɗan nasa ne, mai kalangu ɗan haya ne na yini. Liƙi kuma kan mai makirfo yake sauka. Liƙin ma ya ja baya tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, ga dokar Babban Banki ta 2007 da ta hana watsa kuɗi, wadda aka tsananta aiki da ita a 'yan shekarun nan. Yanzu lambar asusu ake kira a lasifika, kuma ba asusun mai kalangu ake kira ba. Hanya ɗaya ce: a yi ciniki kafin a hau babur, a faɗi kuɗin makaɗi a fili, a kuma faɗi ko yana da kaso a abin da aka turo.

Wanda ya fi wannan zurfi shi ne ɗaukar sauti. Mai situdiyo zai kira makaɗi sau ɗaya, ya ce buga sama, buga ƙasa, yi wannan juyi, ya naɗa, ya sallame shi da kuɗin mota. Daga ranar wannan hannun zai shiga waƙa ɗari, a tura shi daga kwamfuta zuwa kwamfuta, ba suna ba lada, kuma shi ne zai hana a sake kiran mai shi. Sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya, wadda aka sa wa hannu a 2023, ta amince cewa mai wasa yana da haƙƙi a kan abin da aka naɗa daga gare shi. Amma doka a Abuja take, makaɗi yana Runka, kuma ba a karanta masa ita da Hausa ba. Ƙungiyoyin mawaƙa da makaɗa na jiha suna da aiki a nan wanda ya fi shirya taron karramawa muhimmanci.

Naɗin kansa ba shi ne laifi ba, ana ma buƙatarsa da gaggawa. Take ba a rubuce yake ba. Yana cikin hannun dattawan da suka san na kowane gida, na mahauta, na maƙera, na manoma, na Sarkin Ruma da na Yariman Katsina, kuma yaro yana koyonsa ne ta hanyar bin ubansa fage yana riƙe ƙaramin kalangu shekara da shekaru. Wannan gurbin na ƙaramin kalangu shi ne na farko da na'ura ta cinye, tunda riƙe gindin kiɗa ne aikin da ta fi iyawa. Idan ana ɗaukar makaɗi ɗaya tak zuwa biki, ba inda yaron zai tsaya. Ga shi kuma rashin tsaro ya warwatsa ƙauyuka, wasu dattawan suna zaman gudun hijira a cikin Batsari, wasu a Dutsin-Ma da Katsina, nesa da mutanen da suka san takensu. Sulhun da aka ƙulla a wasu daga cikin ƙananan hukumomin nan a 2025 ya sa an ɗan samu sararin zirga-zirga. Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma tana maƙwabtaka da Safana, Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua tana Katsina da masu nazarin Hausa. Waya mai kyau da makirfo ɗaya sun isa a zauna da kowane dattijo a naɗi takensa, ya faɗi na wane ne da abin da yake cewa, a rubuta sunansa da garinsu a kai, a biya shi, a kuma ba 'ya'yansa kwafi. Mawaƙin da zai je biki da filashi kuma, idan zai ɗauki mai kalangu, ya ɗauke shi da yaronsa, ya ce wa mai situdiyo ya cire ƙaramin kalangun na'ura daga cikin kiɗan.